Hoton Bakin Teku a Bangon Shagona

Sana'ata ɗaukar hoto. Ina da ɗan shago a Rano, kusa da tashar mota, inda nake yin fasfo, in wanke hotunan biki da na suna, in buga wa ɗalibai takardu. Na koyi aikin a Kano tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, na kuma ga yadda komai ya koma cikin kwamfuta da waya. Fuskokin da suka bi ta hannuna ba su da iyaka, har na ɗauka babu wani sabon abu da hoto zai ƙara nuna mini.

Wata rana da hantsi, bayan an gama girbi, wata malama da ke koyar da tarihi a makarantar 'yan mata ta shigo da filash a hannunta. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, hotuna nake so ka buga mini, manya-manya, yadda na bayan aji ma za su gani. Tsofaffi ne ƙwarai, kada ka ce za ka gyara musu launi."

Na sa a kwamfuta na buɗe. Hotunan tashoshin jiragen ruwa ne na zamanin Turawan mulki, baƙi da fari, wasu sun yi ja-ja kamar an jiƙa su da ruwan goro. A wani, mutane ne cikin ruwa har ƙugu suna tura kwalekwale, jirgin yana can nesa. A wani, ganguna ne jere a kan rairayi, malama ta ce manja ne a ciki. Amma wanda ya tsayar da ni shi ne na ƙarshe. Ta ce Legas ce, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ita ma ba ta san shekarar ba.

Jirgin ruwan ya cika rabin hoton, baƙi ƙirin, da bututun hayaƙi da dogayen sanduna masu igiyoyi. A gefensa ga layin dogo ya zo har bakin ruwa, ga taragu a buɗe, ga buhuna an tsiba su sun fi tsayin soro. Tsakanin buhunan da jirgin akwai faffaɗan katako da aka jingina, a kansa wasu abubuwa kamar hayaƙi. Na ƙara girman hoton, na ga har ƙusoshin da ke jikin jirgin ana iya ƙirga su. Wanda ya ɗauke shi ba shi da lantarki, ba shi da allon da zai duba ya ga ko ya yi kyau. Akwati ne a kan ƙafa uku, da baƙin ƙyalle da zai lulluɓe kansa, da farantin gilashi guda ɗaya. Duk da haka, da na'urata ta yau ban tabbata zan iya yin wanda ya fi shi ba.

Bugun farko tawada ta ja layi a gefe, sai na sake buga mata wani. Wanda ya ɓaci na rasa yadda zan yi in yaga shi, na manna shi a bango kusa da farin ƙyallen da nake sa wa mutane a baya in zan ɗauki fasfo.

Ya yi kamar mako biyu a wurin. Wasu su duba, wasu ba sa ma lura. Wani direban babbar mota da ke zuwa Legas ya tsaya ya kalla, ya ce shi bai gane wurin ba, yanzu kwantena ce ko'ina, ba ka ganin abin da ke ciki.

Sai ranar da kawuna ya zo. Yayan mahaifiyata ne, manomi a Saji, ya haura tamanin amma yana zuwa gonarsa da ƙafa. Fasfo ya zo yi, na takardar ƙungiyar manoma. Na kawo masa ruwa, na gyara kujera na ce, "Kawu, ku zauna nan ku kalli wajena." Bai zauna ba. Yana tsaye da sandarsa, ya ba ni baya, yana kallon bango.

Ya ce, "Wannan ina ne?"

Na ce, "Legas ce ta da, Kawu. Bakin teku."

Ya ce, "Ikko." Sannan ya ce, "Juyo mini da kujerar nan."

Na juya kujerar ta fuskanci bango. Ya zauna, ya sa tabarau, ya fara karanta hoton da kan sandarsa kamar mai bin allo.

"Waɗannan buhunan gyaɗa ne. Dubi ɗinkin bakinsu, an bar kunne biyu inda ake kamawa. Waɗancan da aka ɗaure da igiya kirgi ne, na shanu, haka ake ninke shi gashin a ciki. Wannan kuma auduga ce, da injin aka matse ta." Ya sauke sandar. "Kakanka ya yi dako a wurin nan."

Ban san kakana ba, ya rasu kafin a haife ni, kuma babu hotonsa ko ɗaya. Abin da na sani kawai manomi ne mai jakuna. Mahaifiyata ita ce auta, ba ta taɓa ambata mini Ikko ba, wataƙila ita ma ba ta riski labarin da ɗuminsa ba.

Kawu ya ce a wancan zamani kowa ya koma noman gyaɗa, don da ita ake samun na haraji da na sutura. Idan an ɓare an sheƙe, sai kaka ya ɗora wa jakuna ya bi ayari zuwa tashar jirgin ƙasa, inda masu saye suke da sikeli. A can ya ga mutanen Kibiya, da na Madachi, da na garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba, kowa da gyaɗa, ana ta cika taragu. Jirgi ya tafi, wani ya zo wayam, a sake cikawa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tambayi mai awo, wa ke cin gyaɗa haka? Mai awo ya ce Kano za a kai. Ya tambayi wani mutumin Kano, ya ce daga dalar gyaɗa sai Ikko. Daga Ikko fa? Babu wanda ya sani.

"Ba yunwa ce ta kore shi ba," in ji Kawu. "Rumbunsa cike yake. So yake ya ga ƙarshen hanyar. Da rani ya zagayo ya bar wa ƙaninsa jakuna, ya hau jirgi."

Rani uku a jere yana zuwa, da an ga hadari ya fara haɗuwa sai ya dawo gona. Dawowarsa ta farko ya zo da kwalba cike da ruwa, an toshe bakinta da tsumma da kakin zuma. Ya san idan ya ce ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, kuma duk gishiri ne, za a ce tafiya ta koya masa ƙarya. Aka taru a zaure, ya riƙa ɗiga wa kowa a tafin hannu. Dattawa suna lasa suna kallon juna. Liman ya ɗanɗana, sannan ya yi tasbihi ya ce shi dama ya karanta, amma yau ya ji da harshensa.

Ina tsaye a bayan kujerar, na manta da kyamarar da ke wuyana. Wani ya leƙo yana son a buga masa takarda, na ce ya dawo bayan azahar.

Kawu ya sake ɗaga sandar ya nuna katakon nan. "Wannan hayaƙin fa? Gobara ce?"

Na ce, "Mutane ne, Kawu. Kyamarar da sai an buɗe mata ido na ɗan lokaci kafin ta kama hoto. Duk abin da ya tsaya cak zai fito sarai. Wanda yake tafiya kuwa sai ya zama kamar inuwa. Ku duba nan, ga alamar ƙafa, ga buhu a saman kai."

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Da ka san abin da kake nema sai ka fara ganinsu: layi ne na mutane, wasu na hawa da kaya, wasu na saukowa. Waɗanda suka fito sosai a hoton uku ne kacal, wani Bature da farar malafa, da akawu riƙe da littafi, da wani lebura can gefe da ya jingina da tarago.

Kawu ya ce, "Ashe mai aiki ba ya fita, sai wanda ke tsaye." Ba da ɓacin rai ya faɗa ba, kamar mai lura da yadda ruwa ke bin kwari. Daga nan ya ce, "Cire mini hoton nan. Gobe ka kai ni Kibiya wurin Yaya. Ni ina ƙarami lokacin, abin da na faɗa maka rabinsa daga bakinta na ji."

Sai da ya kai bakin ƙofa na tuna ban ɗauki fasfon ba. Na dawo da shi, na juya kujerar, na ɗauka.

Washegari na naɗe hoton a cikin kwali, na ɗauko Kawu a babur muka kama hanyar Kibiya. Gonaki duk an yanke dawa, an tsayar da kara, shanun Fulani suna kiwo a ciki. A wani wuri Kawu ya taɓa kafaɗata ya nuna wata tsohuwar hanya da ta bi ta gindin duwatsu, ya ce ta nan jakuna suke bi.

Inna, babbar yayar mahaifiyata, ta wuce casa'in. Yanar ido ta rufe mata gani, sai haske da duhu take bambantawa, amma kunnenta da hankalinta babu abin da ya taɓa su. Mun same ta a tsakar gida kan tabarma, a inuwar darbejiya. Da jin sallamata ta ce, "Mai hoto ne? Yau wa ya yi aure?" Muka gaisa, matar jikanta da ke kula da ita ta kawo mana fura.

Kawu ya ce, "Yaya, Ikko muka kawo miki."

Na warware hoton na ɗora mata a cinya. Ta shafa shi da tafukanta biyu daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce, "Ni santsi kawai nake ji. Ku gaya mini abin da ke ciki, kada ku tsallake komai."

Na fara daga jirgin. Ban yi nisa ba ta tare ni.

"A jikinsa, kusa da ruwa, akwai zane?"

Na duba. Akwai wasu 'yan layuka farare da ban taɓa lura da su ba. Na ce akwai.

Ta gyaɗa kai. "Baba ya ce jirgi yana zuwa ne a sama, tsayinsa kamar dutsen Rano. Su yi ta zuba masa buhu tun safe har la'asar, yau da gobe da jibi, ka leƙa cikinsa ka ga kamar ba a zuba komai ba. Amma kullum yana ɗan nutsewa. Ran da ruwa ya taɓa zanen nan, sai a ce ya ƙoshi. Ya yi kuka, kukan da kake jin sa a ƙirjinka kafin kunnenka, ya tafi. Kafin su huta wani ya matso."

Ta ce kaka ya ba su labarin warin wurin, na kifi da kwal da kirgi a haɗe. Ya ce a kan katakon nan ya yi aiki da mutanen da ba sa jin Hausa ko kaɗan, sai dai waƙar ɗaukar kaya ta haɗa su, kowa ya san inda ake cewa a ɗaga. Ya ce jiragen ba sa zuwa hannu rabbana, suna sauke gishiri, da kananzir, da akoko, da kwanon rufi, da fitilun ƙwai. Wata rana ya sauke bandir-bandir na atamfa, bayan wata biyu ya ga irinta a kasuwar Rano, ta riga shi isowa gida.

Na ce, "Inna, to ya samu amsar tambayarsa? Wa ke cin gyaɗar?"

Ta yi dariya har da tari. "Wani kuku da ke aiki a cikin jirgi ne ya gaya masa. Ya ce ba ci suke yi kamar mu ba, matse ta suke yi, su yi mai, su yi sabulu. Baba ya sayo sanda guda ta sabulun ya kawo wa Iya, ya ce ga gyaɗarki ta dawo. Iya ta sansana ta ce, to ina ƙuli-ƙulin?"

Muka yi dariya dukkanmu, har matar jikan da ke wanke-wanke a bakin rijiya.

Inna ta sake ɗora hannu a kan takardar. "Akwai mace a ciki?"

Na bi hoton daga sama har ƙasa. Na ce babu ko ɗaya.

Ta ce, "To kowane buhu da kake gani, mata ne suka cika shi. Masu saye ba sa son fasasshiya, in ka daka a turmi sai su rage mata daraja. Da hannu muke ɓarewa, ƙwaya-ƙwaya. Tun ban kai aure ba nake zama gefen Iya da faifai. Gida-gida ake yi, yau a naku gobe a namu, har yatsa ya tsage a naɗa tsumma a ci gaba." Ta miƙo mini babban yatsanta na dama. Farcen ya karkace, ya yi kauri kamar ƙaho. Na taɓa shi, na kalli tsibin buhunan da ya fi soro, na kasa haɗa su a kaina. Na yi ƙoƙarin tunanin tsakar gidaje nawa ne, faifai nawa, kafin ruwa ya kai zanen jirgi guda, sai na ji kaina yana juyawa kamar na leƙa rijiya mai zurfi.

Can ta ce, "Wanda ka ce ya jingina da tarago, hannunsa wayam?"

A takardar wani ɗan baƙin abu ne kawai a kafaɗarsa. Na ciro wayata, inda na ajiye hoton, na ja shi da yatsu biyu har mutumin ya cika fuskar wayar. Na ce, "Akwai wani abu a rataye a kafaɗarsa, Inna. Ƙarfe ne, lanƙwasasshe, da ɗan itace a gicciye."

Ta juya wajen rijiya ta ce, "Ke 'yar nan, ɗauko mini ƙugiya."

Matar jikan ta share hannunta, ta shiga ɗakin girki, ta fito da wani abu ɗaure da doguwar igiya. Ta ajiye a kan tabarma. Ƙugiya ce ta ƙarfe, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, da mariƙin itace a gicciye, baƙi yana sheƙi. Ita ce sak wadda ke cikin wayar.

Kawu ya cire tabarau ya mayar. Ya ce, "Yaya, ta Baba ce? Ni na ɗauka ta ɓata tun rabon gado."

Ta ce, "Ku maza kuka ɗauki gona da jakuna. Ni na ɗauki wannan na sa a cikin kayana. Duk unguwar nan in guga ya faɗa rijiya, ita ake zuwa aro."

Na ɗauke ta. Ta fi yadda na zata nauyi. Ba ƙirar maƙeranmu ba ce, akwai wasu haruffa da aka buga a wuyanta da tsatsa ta cinye, ba sa karantuwa. Mariƙin ya zaizaye ta gefe ɗaya, ya yi kwari-kwari guda huɗu. Na sa yatsuna a ciki, kowanne ya sami wurinsa. Shekara da shekaru ina gaya wa mutane su tsaya kada su motsa don su bar wa 'ya'yansu kamanninsu, ga mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma ga hannunsa a cikin nawa.

Kawu yana kallon wayar, yana kallon ƙugiyar. Ya ce a hankali, "Yaya, ko shi ne?"

Inna ta ce, "Kowane lebura yana da irinta, kada ku ɗora wa bawan Allah uban da ba nasa ba. Kuma Baba ba ya jingina da rana tsaka. In yana ciki, yana kan katakon."

Kawu ya ɗaga hannu ya yi wa kaka addu'a, da Iya, da duk waɗanda ke cikin hoton, wanda ya fito da wanda bai fito ba, muka shafa. Na nemi izini na ɗauki Inna da Kawu zaune a tabarma, ƙugiyar a tsakaninsu. Inna ta sa aka gyara mata ɗankwali, ta ce in gaya mata lokacin da za ta daina numfashi. Na ce yanzu ba sai an daina ba, ta ce ita dai za ta daina.

Muna shirin tashi bayan azahar sai wata maƙwabciya ta yi sallama, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe da su, ta ce, "Inna, gugana ne ya tsinke tun safe, ko ruwan girki ban ɗiba ba."

Inna ta laluba kan tabarma, ta naɗe igiyar a hannunta, ta miƙa mata. Ta ce, "In kin ciro ki shanya ta a rana kafin ki dawo da ita. Itacen ba ya son kwana da ruwa."

Matar ta ce to, ta rataya ƙugiyar a kafaɗa, ta fita.